Randunan Bayan Rumbu

Akwai maganar da take yawo a tsakaninku, ku ƙannen Safiya, kuna tsammanin ba ta zo kunnena ba. Kuna cewa saboda ita aka zubar da aikin Yayanku, wai ita ta ce ba za ta taka gidan nan ba sai an kawar da randunan. Bello, kai ka faɗa mata haka a gaban mijinta ranar sunan ɗanka, ta ɗauki mayafinta. Lokacin da abin ya faru kana makarantar kwana, Ummi kuwa ba ta isa riƙe magana ba. Ni nake gidan. Karatuna bai wuce firamare ba, sai ɗan abin da na ƙara a makarantar matan aure, amma ya ishe ni in rubuta muku yadda aka yi, tunda da baki in na fara sai muryata ta ƙi.

Ba zan rubuta sunansa ba. Ɗan fari ne, ban kira sunansa ba yana raye, ba kuma yanzu zan fara ba. Haka aka tashe mu a Tudun Kaya, uwa ba ta yabon ɗan farinta, ba ta kallonsa a gaban mutane, in ya faɗi wata ce za ta ɗaga shi. Kakarku ce ta goya shi. In zan kira shi sai in ce "kai", ya kuwa san da shi nake. Sai da ya girma ya gano abin, ya mai da shi wasa. Ya riƙa zuwa ya tsuguna dab da ni in ina aiki don kawai ya ga na kau da kai.

A kakar da ya gama jami'a, yana jiran a tura shi bautar ƙasa, ya same ni ina ƙulla daddawa a leda. An gama roron gyaɗa, tsakar gida duk harawa. Ya tsuguna kamar yadda ya saba.

"Inna, kin san ba ke kike yin daddawar nan ba?"

"To wa yake yi min, aljanu?"

"Wasu mitsi-mitsin halittu ne, ido ba ya ganinsu. Ke dafa kalwa kawai kike yi ki rufe, su suke aikin."

"Madalla. Gobe su tashi su surfa, su wanke, su nemo itace, ni in kwanta."

Ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Sannan ya zaro wayarsa ya nuna min teku. Ban taɓa ganin ruwa ba gaɓa ba sai ranar. A kansa leda ce da robobi suna yawo, irin dai waɗanda suke cika mana lungu, ya matso da hoton na ga wata leda ta yi gashi-gashi kamar tsohon tulu. Ya ce duk ledar da ta daɗe a teku sai waɗannan halittu su tare a kanta su yi gari guda, kowa da unguwarsa. Masu bincike suna ganin kamar a cikinsu akwai masu cin ledar kanta kaɗan-kaɗan, amma ba a tabbatar da yawan abin da suke ci ba, kuma ci ne na a hankali ƙwarai. Babanku yana kan tabarma yana gyaran rediyo, ya ce ba tare da ya ɗago ba:

"To mu ina mu ina teku? Ko ruwan dam ɗinmu ai ka ce ba can yake zuwa ba."

"Ba can yake zuwa ba, Baba. Amma ledar kududdufin bayan kasuwa ta girme ni. In akwai mai cinta a teku, me zai hana namu su ma sun koya? Ba wanda ya tambaye su ne."

Randunana ya roƙa. Guda uku ne manya, na gado daga mahaifiyata, an binne gindinsu a bayan rumbu tun ina amarya, mun daina amfani da su da robobi suka zo. Ya ce su yake so don ƙasa ce zalla, in aka yi a roba ba za a san wace leda aka ci ba. A ta farko ya zuba taɓo da ruwan dam ɗin Karaye, a ta biyu baƙin taɓon kududdufi, ta uku ruwan rijiya kawai don a gwada. Ya yanka sabuwar baƙar leda da farar ledar ruwa siri-siri, ya kai makarantarsu aka auna, ya dawo ya ɗaure su da zare a jikin kara, ya gitta karan a bakin kowace randa suna reto a cikin ruwan. Ya rufe da faifai. Sannan ya kira ni, a gaban babanku, ya ba ni amana. In ruwa ya ja baya in ƙara wa kowace irin nata. Kada a motsa, kada a fito da su rana, kada a juye. Sai kaka ta zagayo ya dawo zai auna, ya ɗebi halittun da ransu ya kai a duba.

"Me ya sa ni? Ga babanka."

"Baba zai buɗe kullum ya leƙa. Ke kin san abin da ake rufewa a jira."

Na koma kan daddawata. Amma ku sani, a duk rayuwarsa wannan ne abu na farko da ya roƙe ni ni kaɗai, ba ta hannun kakarku ba.

Da takardar ta fito, jihar bakin teku aka tura shi. Ya yi ta murna kamar an ba shi sarauta. Bai kai ba. Motarsu ta yi hatsari a hanya, Hausawan wani gari da ban taɓa jin sunansa ba suka yi masa sutura kafin babanku ya isa. Ya dawo da jaka a yage da waya a farfashe. Allah Ya jiƙansa, Ya saka wa mutanen nan da alheri.

An yi zaman makoki, mata suna ta cewa kai, Hajara akwai dauriya. Ni kuwa ba dauriya ba ce, ban san ta inda ake farawa ba ne. Uwar da ba ta taɓa kiran ɗa ba, da me za ta yi kukansa? Sai abin ya sauka a ƙafafuna. Ba na iya zama. In fara shara in yar da tsintsiya, in ɗora tukunya in manta ban hura wuta ba, in shiga ɗaki in fito ban san me na je ɗauka ba. Duk inda na nufa a bayan rumbu nake tsintar kaina. Ba na ɗaga faifan sai in zan duba ruwa, tsayawa kawai nake yi ina saurare, kamar abin da ido ba ya gani kunne zai ji. Na san abin da ƙasa take yi da mutum, kuma na san ba ta jinkiri. Ina tsaye a nan ina jiran a ci leda. Ba na son in daɗe a kan wannan.

Rani ya yi nisa ruwa ya riƙa ja. Babanku yakan ɗaura jarka a babur ya ɗebo na dam, ya ajiye a ƙofar ɗaki. Da bazara kududdufi ya ƙafe, sai ɗan danshi a tsakiya, ya ce shi kam da furfurarsa ba zai shiga juji da kwano ba. Ni na je. Na tona rami da hannuna na jira ruwa ya tsatso, baƙi ƙirin, na kwasa a ƙwarya. Ranar kasuwa ce, ban lura ba. Daga nan magana ta tashi. Wasu suka ce mutuwar ta taɓa ni. Wasu suka ce ba taɓuwa ba ce, aiki ne aka ba ni, ai an ga tukwane a binne a gidan da layu suna reto a ciki. Masu sayen daddawata suka ragu. Wata da muka yi shekaru muna zumunci ta aiko 'yarta ta mayar min da masakin da ta ara, ba ta ƙara shigowa ba. Ban damu ba a lokacin, ko kuwa ba ni da wurin da zan sa damuwar.

Da damina ta sauka abin ya ƙaru. Randar kududdufi ta fara wari, warin da ya fi na daddawa, kuma 'ya'yan sauro suka cika ruwan suna wutsil-wutsil. Na yanka tsohon gidan sauro na ɗaure bakunan, ya rage bai hana ba. Ummi ta yi zazzaɓi. Ko'ina ana zazzaɓi a watan, amma na gidanmu aka ƙirga. A lokacin kuma cikin Safiya ya tsufa a gidan mijinta a Fulatan, cikin fari, kuma kun san al'ada: gida za ta dawo goyon ciki, ta haihu a gaban uwarta, uwarta ta yi mata wankan jego har arba'in. Na riga na tara itace, na tanadi kanwa da gero da yaji. Shi ne abu ɗaya da in na tuna ƙafata take tsayawa.

Sai ga uwar mijinta, Iya Ladi, da kanta, wai ta zo gaisuwar damina. Na shimfiɗa mata tabarma, muka gaisa, ya gida, ya ruwa, ya ƙarin haƙurinmu, ya masu jiki. Ta sha fura kaɗan ta ce a nuna mata bayan gida. Hanyar ta gefen rumbu take. Ta daɗe. Da ta dawo ba ta zauna sosai ba.

"Dama cewa na yi kada a ɗora muku wahala, ga ku cikin jimami. Mu ma can akwai itace, akwai tukunya."

"Wahalar me, Iya? Ai haƙƙinmu ne."

"Haƙƙinku ne, ba wanda ya ce a'a." Ta gyara lulluɓi. "Hajara, ni ba na bin maganar mutane. Amma hancina nawa ne. Jinjiri ɗanye, mai jego ɗanya, ga baƙin ruwa ana kiwonsa a bayan ɗaki. In aka kawar, ni zan rako ta da kaina. In ba a kawar ba, kada a ga laifina."

"Aikin makaranta ne, na marigayi."

"Allah Ya jiƙansa. Makarantar ta zo ta ɗauki abinta mana."

Ba ta yi min rashin kunya ba, kuma ba ƙarya ta faɗa ba, kada wani cikinku ya riƙe ta. Amma kun san abin da ake cewa in yarinya ta yi haihuwar fari a gidan miji uwarta tana raye: ko uwar ta ƙi ta, ko an ƙi uwar. Wannan zai bi Safiya, ba ni ba. Kaka kuwa da saura, dawa ko kai ba ta fitar ba.

Ba abin da ban gwada ba. Na sa babanku ya je birni makarantar, ya tarar an tafi hutu, wani mutum ya saurare shi da mutunci ya ce zai tambaya wane malami ne ya san aikin, ba mu sake ji ba. Na kai wayar wajen mai gyara ko za a ciro sunan wani aboki, ko ma awon da aka yi wa ledojin, ya ce ba abin da ya rage a ciki. Na roƙi ƙanin babanku ya bari a kai gonarsa, ya ce matarsa ba za ta yarda ba, daga baya ya ce a kai can ƙarshe wajen tsamiya. Aka fara tono da ta ruwan rijiya don ta fi sauƙi. Randar da ta yi shekara da shekaru a ƙasa, ana ɗaga ta gindin ya zauna ya bar jikin, ruwan ya malale a ƙafafunmu. Na ɗaga wa babanku murya ranar, abin da ban taɓa yi ba. Ya tattara guntattakin randar ya jera a gindin danga. Bayan la'asar ya same ni a wurin.

"Hajara, ni ba zan taɓa sauran ba, ba kuma zan sa a taɓa ba. Ke ya ba wa."

"To ka ce wani abu mana, Malam."

"Me zan ce? In na ce zubar, kin riƙe ni har mu mutu. In na ce bari, yarinyar nan ta haihu a hannun mutane." Ya daɗe yana kallon faifan. "Ko da kakar ta zo, wa zai auna?"

Wannan tambayar na sani tun ranar da aka kawo jakar, ban dai bari ta shigo ba. Ba mai zuwa. Amma muddin ruwan yana ciki, aikin bai ƙare ba, kuma wanda aikinsa bai ƙare ba kamar fita ya yi. Na yi ta kai da kawo kwanaki, in ce gobe, goben ta zo in ƙara musu ruwa. Na yi tunanin in aika a tambayi Safiya, na ɗauki mayafi har zaure, na dawo.

Wata safiya bayan an kwana ana ruwa, na idar da salla na ji zaman ya ishe ni, na tashi na kwance gidan sauron. Ban kira kowa ba. Na ɗaga karan randar dam. Ledojin sun yi nauyi, wani yauƙi ruwan ƙasa-ƙasa ya lulluɓe su, irin wanda kalwa take yi in ta fara nuna. Garin halittun da Yayanku ya ce ke nan, na riƙe shi a tafin hannuna. Na murza da babban yatsa, farar ledar ta fito lafiya lau, har rubutun jikinta ana karantawa. Na ɗaga na kududdufi. Fararen haka suke su ma. Amma a cikin baƙaƙen akwai ɗaya da ta yi laushi, ta yi kaushi-kaushi, da na ɗaga ta sama na ga haske yana ratsowa ta wasu ƙananan huji kamar an tsattsaga da allura. Sabuwa Yayanku ya sa ta, a gabana ya yanka. Na kira babanku da ƙarfi, ya fito ba hula.

"Duba nan, Malam. Duba."

Ya kai ta kusa da ido, ya nisanta, ya sake kawowa. "Ina ganin huji. Ci ne?"

"Ni zan tambaye ka."

Ba mu sani ba. Yayanku da kansa ya taɓa ce min ido ba ya yanke wannan hukunci, wani lokaci leda marmashewa kawai take yi ba a cinye ta ba, kuma wannan ya fi muni. Ko tsutsa ce ta huda, ko tsufa, ko kuwa abin da yake nema ne, ba wanda zan tambaya. Na shanya ledojin a kan danga, na kwashe taɓon da ƙwarya na kai bayan gida, na dirje randunan da toka da yashi, na ƙona karan dawa a ciki don warin ya fita, na sake dirjewa har fatar yatsuna ta saluɓe. Ina cikin randa rabin jikina hadari ya taso da iska. Kafin in fito ta kwashe abin da yake kan danga. Na bi ta gona ba takalmi. Kun san gonakin bakin gari, da takin juji ake noma su, ko'ina baƙar leda ce, a gindin dawa, a jikin ƙaya. Na yi ta ɗauka ina ɗagawa sama, wannan da huji, waccan ma da huji, har ruwa ya sauko babanku ya zo ya kamo hannuna. Har yau in na ga baƙar leda a hanya sai na ji hannuna yana so ya ɗauka. Ummi, abin da kike yi min faɗa a kai ke nan.

Na aika Fulatan cewa an kawar. Iya Ladi ta cika alkawari, ta rako ta da kanta a mota, da buhun gero da kaji. Aka gaisa, aka ci abinci, suka juya. Ina kwashe kwanuka na nemi Safiya na rasa. A bayan rumbu na same ta, ta dafa ƙugu da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da faifai, tana kallon cikin randa wankakkiya.

"Inna, ina suke?"

"Na zubar."

"Kin zubar? Ai kaka ba ta yi ba." Ta leƙa ɗayar, ta leƙa ramin ta ukun. "Ni da nake ta ɗokin in zo in ga abin Yaya. Ranar da zai tafi ya ce in na zo haihuwa in taya ki ɗiban ruwa, wai ɗana zai tashi ya tarar an gama da leda."

A nan na gane ba ta san komai ba. Ba wanda ya gaya mata zuwan Iya Ladi na me ne, ba wanda ya gaya mata sharaɗin. Na faɗa mata a taƙaice. Ta saki faifan ya gangara.

"Da kin aiko kin tambaye ni, Inna."

"Da na tambaye ki me za ki ce?"

"Da na ce ki bar su. In haihu a can, me zai same ni?"

"Shi ya sa ban tambaye ki ba."

Na ce ta matsa daga nan, ƙasar da danshi, ba ta da kyau ga mai ciki. Ta ƙi matsawa. Ni ma ban matsa ba. Muna tsaye a wurin har ɗan garuwa ya yi sallama a zaure da ruwan wankan da na sa a kawo, yana tambaya a ina zai juye. Safiya ce ta amsa masa. Ta ce ya shigo da shi nan bayan rumbu.